Yoyon Jirgin Yaya

Wanda ya ba mu aron Yaya ya karɓi abinsa ranar wata Laraba, gero ya nuna ana shirin yanka. Daga wurinsa muka fito, can kuma za mu tarar da juna. Ban yi kururuwa ba. Ni ce ƙanwarsa ciki ɗaya, ni kaɗai na rage cikin waɗanda tsohuwarmu ta haifa. In na faɗi ina birgima, wa zai tarbi mutane? Na gyara ɗaurin kallabina, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin matarsa, na zauna.

Duk garin Madarunfa ya zo. Masunta suka baro komarsu cikin tafki suka taho da ƙarnin kifi a jikinsu, ƙafafu duk laka. Dangin matarsa suka iso daga Safo a amalanken jaki. Wata gwauruwa ta bayan kasuwa ta shigo tana kuka fiye da mu masu gawa, har na ce mata, "Baiwar Allah, sassauta, ki bar mana namu rabon." Ta ce tun rasuwar mijinta, duk Juma'a sai ta tarar da tarwaɗa rataye a dangarta. Ba ta taɓa ganin mai ratayewa ba, amma ta san ƙullin kabar, don duk bakin tafki mutum ɗaya ke ƙulli haka. Matar Yaya ta ɗago kai ta dube ni. Ita ma ran nan ta fara ji.

Da a ce a nan ranar ta tsaya, da na ce an yi mutuwa mai kyau.

Da aka fito da shi ƙofar gida aka yi masa salla, liman ya juya ya ce jama'a su yafe masa. Aka amsa gaba ɗaya, muna jiyowa daga ciki. Sai liman ya dubi ƴaƴansa maza biyu da ke tsaye a gaba, ya ce, "Ku fa, kun yafe wa tsohonku?" Ƙaramin ya amsa da kuka. Babban, ɗan farinsa, mutum da furfura a gemu, ya kafa wa ƙasa ido. Liman ya maimaita. Shiru. Haka aka ɗauki makara.

Kafin a dawo daga maƙabarta maganar ta riga ta shigo cikin gida ta zauna tsakanin mata.

"Bai ji ba ne. Kunnen nan nasa ai matacce ne."

"Na hagu ne ya mutu. Liman kuwa ta dama yake tsaye."

"Ke kin gani?"

"Maigidana ya gani."

Na ce da su, "Gaisuwa kuka zo ko awon kunne? Wadda ta gama ta ɗauki takalminta." Amma ni na san ya ji. Ni na goya shi, na san yadda wuyansa ke sandarewa in ya ji magana ya ƙi amsawa. Kuma ya riga ya faɗa wa ƙanensa cewa da an yi sadakar bakwai zai koma garin Ɗan Isa inda yake zaune, motarsa na jira.

Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. Ba mafarki nake faɗa muku ba, da rana tsaka ne, idona biyu. Ina zaune ana gaishe ni, sai in ji ƙarar ƙoƙo yana kankarar cikin jirgi, ƙurut, sannan ruwa ya zuba, ƙurut, ruwa ya zuba. In waiwaya, ba kowa sai mata suna tsince wake. In na rufe ido don addu'a sai in ga Yaya tsaye cikin ruwa iya ƙugu, da malafarsa, bai shiga ba bai fito ba, kamar mai jiran a ce masa ya wuce. Malamai sun fi ni sanin abin da ke riƙe mamaci. Ni dai na san ɗan'uwana ya kwanta da kalma ɗaya da ba a ba shi ba, kuma mai kalmar yana shirin tafiya da ita.

Bari in faɗa muku wane ne Yaya, don yaran da ke tasowa kada su ɗauka wani tsoho ne kawai mai sayar da kifi.

Dogo ne, baƙi, tafin ƙafarsa fari fat saboda ruwa. Ba ya taka tafki sai ya yi masa sallama, kamar mai shiga gidan surukai. A tudu maganarsa ba ta wuce "To" da "Allah shi kyauta". In ya ce maka "To" sau biyu, ka san ransa ya ɓaci. Bai taɓa ɗaga hannu ya doki yaro ba, abin da ke ba matarsa haushi ke nan. In yaro ya kai shekarun nan da murya ke fashewa, ana yi masa magana yana ƙunƙuni, uwa ta kawo ƙara, sai Yaya ya ce, "A bar mini shi. In tafki ya cika za mu je duba mamari, mu ga abin da ƙugiyoyi suka kama."

Kun san bayan damina, in gulbi ya gama zuba, ruwa yakan hau har gindin kukoki, bado ya rufe gefe, tsuntsayen kirinjijiya su sauka garke-garke. Lokacinsa ke nan. Zai sa yaro a goshin jirgi yana kallon gaba, shi ya tsaya a baya da gora yana turawa. Goran fura a tsakiya. Su wuni. In sun gaji su fita can ƙetare su hura wuta, su gasa karfasa, su ci a ganye ɗaya. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya barin yaro ya juyo su fuskanci juna kamar mutane. Ya ce, "Idona suke tsoro, ba ni ba. In ya ba ni ƙeya sai bakinsa ya buɗe."

Ƙaramin ɗansa ya taɓa ƙin lakwal, makarantar boko, har mushe, malaminsu, ya zo gida da kansa. Uwar ta ce iskanci ne, a zane shi. Yaya ya ɗauke shi zuwa tafki. A tsakiyar ruwa ya ce masa, "Dubi dinyar can bisa gawo." Yaron ya ce, "Wane gawo?" Ashe ba ya ganin nesa, allo ma hazo yake gani, yara na yi masa dariya, shi ya sa yake gudu. Aka kai shi Maraɗi aka yi masa gilashin ido. Yau shi ke karanta wa rabin unguwa abin da ya shigo musu a salula.

Autarsa mace ce, ita ma bai bar ta ba. Mutane suka yi ta surutu, wai budurwa a jirgi. Ya ce bado za ta ciro wa uwarta. A zaman makokin nan ta ba mu labari tana dariya tana share hawaye. Ta ce a tsakiyar tafki ta faɗa wa Baba wanda take so, tun kafin ta faɗa wa Inna. Ta ce sai ya yi ta zagaye da jirgi har rana ta yi zafi. Can sai ta ji daga bayanta, "Ya dai iya gaisuwa?"

Waɗannan kowa ya san su. Abin da ba a sani ba, ba da su aka fara ba.

Ku na yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban surukai, kuna kiran sunansa har maƙwabta su ji. A zamaninmu ba haka ba ne. Ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa: ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a wasa da shi, ba a faɗin sunansa. Wannan kuwa kunyarsa biyu ce, don sunan mahaifinmu aka mayar masa. Da aka yaye shi aka kawo mini. Allah bai ba ni na cikina ba, ya ba ni shi, kuma ban ga wadda ta yi riƙo ta fi ni ba a garin nan, a je a tambaya. Yaya in zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan naki". In suka haɗu a hanya, yaro ya durƙusa, uba ya amsa yana kallon wani wuri.

Da ya fara zama saurayi sai ya gagare ni. Faɗa a dandali, zama a tasha yana kallon manyan motoci, in na yi magana ya fice. Wata safiya sai ga Yaya a ƙofata. Bai shigo ba. Ya tsaya yana duban akuyata kamar zai saya.

"Jirgina na yoyo," in ji shi. "Ki ce wa yaron nan naki, in ba shi da abin yi, ya zo ya kwarfe mini ruwa."

"Ɗana ba baran kowa ba ne. Toshe abinka mana."

"Zan toshe."

Na tura shi don dai in huta da shi. Ya tafi da ƙoƙo yana kumbure-kumbure. Da la'asar ya dawo ya cinye tuwon da na ajiye har da na gobe, bakinsa bai rufu ba. "Gwaggo, kin san gaiwa na kwana cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo? Baba ya ce ya taɓa haƙo wata a gona." Na ajiye muciya na dube shi. Tun da aka haife shi ban taɓa jin "Baba ya ce" a bakinsa ba.

Daga nan aike ya riƙa zuwa. Jirgi na yoyo. Jirgi na yoyo. Har masunta suka fara yi wa Yaya ba'a, suna cewa mutumin da ya iya gyara jirgin kowa ya kasa nasa. Sai ya ce, "Allah shi kyauta."

Wata rana yaron ya biya wani wuri kafin ya sauka tafki, ya manta goran fura, na bi da shi. Na tarar da Yaya shi kaɗai, durƙushe cikin jirgi, yana sa bakin wuƙa cikin wata tsaga yana zaro tsumma. Ya zaro shi tsaf, ya matse, ya cusa ƙarƙashin malafarsa. Ruwa ya fara tsattsafowa. Sannan ya ɗago ya gan ni.

"Kin ga wani abu?"

"Na ga wani tsohon banza yana ɓata jirginsa da hannunsa."

Kunya ta kama shi kamar an kama shi da satar kaza. Babban mutum, ga gemu. Ya ce, "Ki rantse ba za ki faɗa masa ba muddin ina numfashi." Na yi dariya har na zauna a ƙasa, sannan na rantse. Ashe in zai fita shi kaɗai sai ya mayar da tsumman, jirgi lafiyarsa lau. Yoyon na ɗansa ne. Uba ba zai iya cewa ɗan fari "zo mu je yawo" ba, gari ya ji. Amma kowa na iya neman mai kwarfa.

Haka suka yi kaka bayan kaka. Yaron ya daina faɗa, ya daina zaman tasha. Ya koyi jifan birgi, komar nan ta jefawa, ya san inda tarwaɗa ke kwana. A tudu kuwa ba abin da ya sake: durƙuso, amsa, kowa ya kama gabansa.

Sai ranar hadarin. Ƙarshen damina ne, an ɗauka ruwa ya ɗauke. Bayan azahar gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta taso suna tsakiyar tafki. Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa, tsagar ta ƙara buɗewa, jirgi ya cika ya kife. Yaron ya iya iyo, amma igiyar mamari ta naɗe masa ƙafa ta ja shi ƙasa. Masuntan da suka hango sun ce Yaya ya nutse ya fito, ya nutse ya fito, har suka fid da rai da su duka, sannan ya taso da shi a kafaɗa, ƙugiyoyi sun tsaga masa hannu. A ɗakina aka kwantar da yaron. Zazzaɓi ya kama shi, kunnen hagu ya yi ta zubar da ruwa. Da ya tashi, kunnen bai tashi ba.

Yana kwance ɗin nan aka ce mini Yaya na bakin tafki yana aiki. Na je. Ya kife jirgin, ya narka kwalta a gwangwani, ya buga fallen kwano a kan tsagar da ƙusoshi, yana shafe ko'ina, har inda ba ya yoyo. Hannunsa ɗaure da tsumma.

"In ka toshe," na ce, "da wane baki za ka kira shi?"

Bai ɗago ba.

"Da kai nake. Ka toshe, na yarda, amma ka zo ka ce masa ya biyo ka. Ka buɗe baki ka faɗa, sama ba za ta faɗo ba."

"Ba zai sake shiga ruwa ba."

"Kai dai matsoraci ne. Kunyarka ta fi maka ɗanka."

Sai ya ajiye gwangwanin. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya ce, "Ke ba ki ji nauyinsa a cikin ruwa ba. Ni na ji. Da hannuna na zare tsumman nan. Gara in riƙa ganinsa a tudu yana wuce ni." Na ce masa abin da na ce, ba zan maimaita a kan mamaci ba. Ba mu sake magana ba sai da Sallar Layya ta zo, ya aiko mini da cinya.

Yaron ya warke. Kullum da safe sai ya zauna a ƙofata, ƙoƙon na kusa da ƙafarsa, wai shan iska yake. Aike bai zo ba. Tafki ya janye, ya sake cika, bai zo ba. Sannan lokacin ƙanensa ya yi, ya tsaya a gaɓa yana kallo uban ya sa ƙanen a goshin jirgi, jirgin da ba ya bukatar mai kwarfa. Bai daɗe ba ya bi wata babbar mota zuwa Ɗan Isa, ya zama yaron mota, ya zama direba, ya yi aure can, ya haifi nasa.

Kada wani ya ce ya yar da ubansa. Buhun shinkafa bai taɓa yankewa ba, shadda duk Salla. Zai zo ya durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Hanya?"

"Lafiya lau."

Shi ke nan, har furfura ta fito wa ɗan. Da ya tafi sai ga Yaya a ƙofata yana duban dabbobina. "Me ya ce?" In ce, "Ai a gabanka yake, me ya hana ka tambaya?" Ya ce, "To." Ya juya.

Ni duk shekarun nan abin da na ɗauka shi ne yaron yana riƙe da uban saboda kunnen. Wato an mai da shi ɗan kwarfa a ruɓaɓɓen jirgi har ya nakasa, ƙannensa kuwa aka kai su yawo a mai kyau. Yanzu numfashin da na rantse a kansa ya ƙare, bakina ya kwance. Amma na yi ta juya abin. In na faɗa masa, zai san uban nemansa yake yi. Zai kuma san hannun uban ne ya buɗe tsagar da ta ci kunnensa. Maganar na iya zama magani, tana iya zama dafi, kuma ba a ɗanɗana ta kafin a ba shi. Ga kwanaki na tafiya, ga ƙarar ƙoƙon nan ta hana ni jin gaisuwar mutane.

Ana gobe sadakar bakwai, bayan la'asar, na ɗauki sandata na sauka tafki. Na san can zan same shi. Yana zaune kan jirgin da aka kife ƙarƙashin kuka, yana ɓanɓarar tsohuwar kwalta da farce. Na zagaya na zauna ta damansa.

"Gwaggo, da ƙafarki? Da kin aiko."

"Aike ne ya kashe gidanmu. Matsa."

Na faɗa masa duka: wuƙar, tsumman, malafar, rantsuwar. Na gama ina jiran ko ya tashi ko ya fashe. Sai ya yi wata dariya marar daɗi.

"Gwaggo, ai tun fitarmu ta biyu na sani. Ruwan tsumman yana ɗigo masa ta bayan kunne, yana sharewa wai zufa ce."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na sani, na yi shiru, don in na nuna na gane ba zai sake kirana ba. Ni ma ina da tawa dabarar. In na ga mun doshi gaɓa labari bai ƙare ba, sai in rage hannu. In kwarfa rabin ƙoƙo, wani lokaci in mayar a ciki. Jirgi ya yi nauyi, tafiya ta yi tsawo." Ya ci gaba da ɓanɓarar kwaltar. "Ranar hadarin ma haka na yi. Labarin kakana yake ba ni, mai sunana. Yana ta kewaye sunan, yana kusa da faɗa. Na ce yau sai na ji shi a bakinsa. Na ga gabas ta haɗe, Gwaggo, da idona na gani, na bar ruwa ya taru har idon sawu. Da iska ta zo, jirgin ya riga ya yi nauyi."

"Yaro ne kai lokacin."

"Da na tashi na ga kwalta, na ce shi ke nan, ya gane. Ya san ni na kusa kashe mu, ya rufe ƙofa. Na jira ko zai yi mini faɗa. Ko zagi ne, Gwaggo, da na karɓa. Bai ce komai ba."

"Bai gane komai ba!" na ce. "Kansa yake tuhuma har ya mutu. A nan inda kake zaune na tsaya a kansa yana shafa kwaltar nan. Ya ce ni ban ji nauyinka a cikin ruwa ba. Ya ce gara ya riƙa ganinka a tudu kana wuce shi."

Ya juyo da kunnen mai ji sosai, kamar bai yarda da shi ba. "Haka ya ce?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

Ya daɗe yana kallon ruwa. Na ce, "Gobe liman zai zo. Ubanka na tsaye, bai wuce ba. Ka sallame shi." Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya rako ni har gida. Na kwana ban san abin da na shuka ba.

Da safe maza suka cika ƙofar gida, mu mata muna ciki muna rabon gumba da waina, zana ce kawai tsakaninmu. Aka yi karatu, aka yi addu'a. Liman na shirin shafa fatiha sai na ji muryarsa.

"Malam, a dakata. Ran nan ka tambaye ni ban amsa ba. An ce ban ji ba. Na ji."

Duk wadda ke riƙe da faranti ta tsaya da shi a hannu.

"Haushi na riƙe, ba zan ɓoye ba, shekara da shekaru ina jiran ya aiko a kira ni. Na yafe wa Baba, duniya da lahira. Ku shaida."

Maza suka ɗauki "Alhamdu lillahi". Matar Yaya ta kife fuska a cinyata. Na ce a raina an gama. Ashe bai zauna ba.

"Saura ni. Ni ma akwai haƙƙinsa a kaina, bai sani ba har ya tafi. Shi an tambaya masa mu. Ni wa zai tambaya mini shi?"

Liman ya yi gyaran murya, ya ce Allah mai gafara ne, a yi ta yi masa addu'a da sadaka.

"Na sani, Malam. Shi nake tambaya."

Taron maza guda, da malamai, da masu furfura, aka rasa mai cewa komai. Ina jin numfashinsa ta cikin zana, ɗan da na goya, tsaye gaban gari yana jiran amsa daga kabari.

Na dafa kafaɗar matar Yaya na miƙe. Wata ta ja mini zane, na fizge.

"Ya yafe!"

Aka ce, "Subhanallahi, wace ce?"

"Ni ce, ƙanwarsa. Nono ɗaya muka sha, ba wanda ya fi ni sanin cikinsa a nan. Na ce ya yafe maka. Zauna, ɗana."

Na ji tabarma ta motsa. Ya zauna. Liman ya shafa fatiha.

To, ga gaskiyar da zan bar muku. Yaya bai taɓa faɗa mini haka ba. Ina zai faɗa, bai ma san akwai abin yafewa ba. Na ari bakin mamaci na yi magana a gaban malamai, kuma ban san ko ana karɓar irin wannan a can ba. Allah ya jiƙan ɗan'uwana, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta. In na faɗi daidai, ya san na san shi. In kuwa na yi masa shisshigi, ba nisa tsakaninmu yanzu. Ya jira ni, in na iso mu yi faɗan.